Ba a narka dalma a ginin nan ba

Duk wanda ya ga tsohon ginin dutse na mahaƙar dalma ta Magpie, kusa da ƙauyen Sheldon a yankin Derbyshire na Ingila, ga dogon bututun hayaƙi a gefensa, sai ya ɗauka nan ake narka dalma. Ko kusa. Ɗakin inji ne, an gina shi a 1869. Ruwa ne ya addabi mahaƙan, kullum yana cika musu rami, sai suka kafa injin tururi yana zuƙo shi. Hayaƙin na kwal ɗin da ke tafasa tukunyar injin ne. A ginin akwai bango ɗaya da ya fi sauran kauri, shi ya ɗauki ƙaton sandan ƙarfen injin. Da tsadar kwal ta ishe su, a 1873 suka fara haƙa magudana ta ƙarƙashin ƙasa zuwa kogin Wye, aikin shekara takwas cur.