Gwajin ƙwan mace: da mudun wa ake auna matanmu?

Wata ƙanwata da ke aure a Agege ta shigo gidana ran wata Asabar, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo mini takarda tana cewa, "Yaya, duba mini, wai ƙwaina sun kusa ƙarewa." Shekarunta 33, shekara uku da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, kuma dangin miji sun fara habaici da zancen ƙarin aure. Takardar ta wani ɗakin gwaji ce mai zaman kansa, an rubuta adadin sinadarin AMH da ke jininta, wanda ake aunawa don a ƙiyasta yawan ƙwan da ya rage wa mace, a gefe kuma ga lambobin da aka ce su ne daidai ga mai shekarunta. Nata bai kai su ba, shi ya sa ta kwana biyu ba ta runtsa ba.

Babu musu cewa ƙwan mace raguwa yake yi. Ana haihuwar jaririya da ƙwayaye miliyan 1 zuwa 2, kafin ta balaga sun koma wajen 300,000, sannan idan al'ada ta zo ɗaukewa, galibi tsakanin shekara 45 da 55, abin da ya saura bai fi kamar 1,000 ba. Ƙananan jakunkunan da ƙwan ke girma a ciki su ne ke samar da AMH, don haka yana sauka yayin da suke raguwa, shi kuwa sinadarin FSH da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa sai ya riƙa hawa, kamar mai ƙara ɗaga murya ga wanda ya fara kurumcewa. Abin da nake ja da shi shi ne waɗancan lambobi na gefen takarda, domin galibi suna zuwa ne tare da kayan gwajin daga kamfanonin Turai da Amurka.

A Amurka ma, inda aka fi bin diddigin lamarin, an ga cewa mata ba su zama ɗaya ba. Wani binciken lafiyar mata mai suna SWAN, wanda ya ɗauki mata 3,302 masu shekara 42 zuwa 52 a 1996 da 1997, ya haɗa farare da baƙaƙe da 'yan asalin Sin da Japan da Latin Amurka. An samu FSH ya fi yawa a jinin baƙar fata, sinadarin mata na isturojin kuma ya fi ƙaranci a wajen 'yan asalin Sin da Japan. A 2015 masu binciken suka bayyana cewa zafin jiki mai tasowa kwatsam da gumin dare, waɗanda ke zuwa da ɗaukewar al'ada, sukan kai wajen shekara 10 suna damun baƙar mace, alhali Baturiya shekara 6 da rabi, 'yar asalin Japan kuwa ƙasa da 5. Game da AMH, wani bincike na 2009 ya same shi ƙasa da kusan kashi 25 cikin 100 a wajen baƙaƙen mata idan aka kwatanta da farare, wani kuma na 2014 ya nuna cewa nasu kan fara a ƙasa amma yana sauka a hankali.

A nan ne nake ganin ya kamata mu yi hattara, kada mu gudu daga mudun Baturiya mu faɗa na baƙar Amurka. Launin fata babban buhu ne da aka zuba abubuwa da yawa a ciki: nauyin jiki, abinci, talauci, damuwa, da shan taba, wanda shi kaɗai kan janyo ɗaukewar al'ada da wuri da shekara 1 zuwa 2. A cikin SWAN ɗin kansa, da aka yi la'akari da irin waɗannan, bambancin shekarun ɗaukewar al'ada tsakanin ƙabilu ya ragu ƙwarai. Matar da ta tashi a Kano ta zo aure unguwar Mile 12 a Legas, wadda ta yi ta fama da zazzaɓin cizon sauro ko take ɗauke da sikila, cutar da aka san tana rage AMH, ba tarihin jiki ɗaya take da shi da matar Shikago ba. Binciken da Farfesa Friday Okonofua da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 kan matan Yarbawa ya samu matsakaicin shekarun ɗaukewar al'ada wajen 48, alhali a Turai ana cewa 51. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, yana nan a Idi-Araba, katanga ɗaya da unguwar Hausawa, kuma Legas ta tara kowace ƙabila ta ƙasar nan, saboda haka ban ga garin da ya fi ta dacewa a bi matanmu shekara da shekaru a fitar da namu ma'aunin ba.

Sannan ko da ma'aunin ya dace, AMH yawan ƙwai yake nunawa, ba ingancinsu ba, ingancin kuwa shekaru ne suka fi yanke shi. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2017 kan mata 750 masu shekara 30 zuwa 44 ya samu cewa masu ƙarancin AMH sun ɗauki ciki kamar sauran. Amfaninsa na gaskiya shi ne taimaka wa likita ya ƙiyasta ƙwai nawa zai samu idan za a yi dashen ciki. Amma a gidajenmu takarda ɗaya ta isa a kira mace juya.

Na ce wa ƙanwata ta kai takardar wajen likitan mata, a duba ko akwai ƙari a mahaifa ko toshewar hanyar ƙwai, kuma lallai maigidan ya bi ta a gwada maniyyinsa, tunda kusan rabin matsalar rashin haihuwa da hannun namiji a ciki. Ta yi shiru tana ninke takardar, can ta ce, "Yaya, wannan ke za ki faɗa masa, ni ba zan iya ba."