Ba kowane kukan a-kori-kura ne daga giyabos ba

Abin da ke damuna shi ne, da a-kori-kura ta fara siririn kuka a kan hanya, sai a yanke hukunci cewa giyabos ya tafi, a sauke shi. Masu wannan zato suna da hujja: ƙarar daga ƙarƙashin mota take fitowa, kuma giyabos yakan yi irinta idan mansa ya ragu ko boris ɗinsa ya cinye.

Sai dai ƙara tana bin ƙarfe. Farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya, takan ɗauko kukan bak'azil, wato sashen da ke juya tayoyin baya, ta kawo shi har ƙarƙashin kujerar direba, kunne ya ruɗu.

Abin lura shi ne lokacin da kukan yake canzawa. A ce kana gudun kilomita 80 a awa, ka canza giya amma gudun bai sauya ba. Idan muryar kukan ta sauya, to a zargi giyabos ko injin. Idan tana nan yadda take, galibi matsalar ba a giyabos take ba, tana ɗaya daga cikin waɗannan: bak'azil, boris ɗin ƙafa, ko ma tayoyin kansu. Kukan da ke tashi in ka taka totur, ya lafa in ka ɗaga ƙafa, galibi haƙoran bak'azil ne ba su zauna daidai ba. Na boris ɗin ƙafa kuwa yakan ƙaru ko ya ragu wajen shan kwana, saboda nauyi ya koma gefe guda.

Ni dai kafin a kwance ko noti ɗaya, man bak'azil nake fara dubawa, don an cika mantawa da shi. In ya ragu, ko an ga garin ƙarfe a ciki, daga nan bincike zai soma.