Miyar jatan landen Umma da daddawar da nake ɓoyewa

Maƙwabciyata a nan Kochi, a jihar Kerala ta Indiya, tsohuwa ce, kowa a benenmu Umma yake ce mata, don kuwa haka Musulmin Kerala ke kiran uwa, kamar dai a gida. Ita ta koya mini miyar jatan lande. Da farko ko kallonsa ba na son yi, ga gemu ga ƙafafu. Sai na tuna ni ce mai cin fara da yaji a Katsina, na ja bakina na yi shiru.

A tukunyar ƙasa mai faɗin baki take yi, suna ce mata manchatti. Man kwakwa ya yi zafi, ta watsa 'ya'yan mastad, ta jira sai sun fara tsalle suna fashewa. Sannan hulba ɗan mitsitsi, wai in ta yi yawa ɗaci take kawowa, sai ganyen kori, ƙananan albasa, citta, tafarnuwa, kurkum. Barkonon Kashmir ja ya fi bayarwa, ba zafi ba, shi ya sa take haɗa shi da wani mai cizon harshe. Tsaminsu kuwa ba tsamiyarmu ba ce, wani baƙin ɓawo ne busasshe, kudampuli, ana jiƙa shi a ruwan ɗumi. Jatan landen a ƙarshe yake shiga, minti biyar ko shida, in ya wuce haka roba za ka tauna. A zuba madarar kwakwa a sauke. Ba zan yi ƙarya ba, na suɗe kwano.

To, sai na ce bari in rama alheri. Na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na sa man shanun da nake tattali, na kai mata. Ta ɗaga murfi, ta yatsine fuska, ta ce, "'Yata, ba lalacewa ta yi ba kuwa?"

Na yi dariya a gabanta. Da na koma ɗaki abin ya tsaya mini a wuya.

Mutanen da kullum matattakalar benen nan ke cika da ƙaurin busasshen kifi da suke soyawa, ba wanda ya taɓa cewa ku yi haƙuri! Barkonon ma da suke taƙama da shi baƙo ne, Turawan Fotugal suka kawo musu bayan Vasco da Gama ya sauka a Kalikut a 1498, kuma a nan Kochi ya mutu a 1524. Na sani, namu barkonon ma daga nahiyar Amurka ya samo asali, masoron da suke nomawa kuma nasu ne tun fil azal, ban yi musu ba. Amma daddawa fa? Kalwa ce aka dafa yini guda, aka surfa, aka rufe ta kwana uku tana ruɓa kanta da gangan. Su suna tara kayan ƙamshi goma su gina ɗanɗano, mu ƙwaya ɗaya ke ɗauke miya gaba ɗaya. A wurina tamu ta fi zurfi, duk wanda zai ji haushi ya ji.

Abin da ya fi cina shi ne ni kaina. Tun ran nan sai na rufe taga in zan yi miya. Daddawar da Inna ta ƙulle mini da hannunta saura guda uku, tana cikin leda biyu a can ƙarshen firij. Jiya ta kira ta ce, "Ta ƙare ne in nemi mai tahowa?" Na ce mata akwai saura da yawa.