Aikin da Littafi Ya Gama a Layi Uku

Motata Peugeot 504 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Faransa a shekarar 1968, wadda kuma ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, tarihin da nake yawan tuna wa mutane a duk lokacin da suke taya ni tura ta. Tsufa bai kwantar da ita ba, sai da wani dutse da ya ɓuya a cikin ciyawa ya daki cikinta, ya lotsa kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injin, ya kuma tsaga shi ta gefe guda. Tsagewar abin damuwa ce, amma lotsewar ta fi ta haɗari, domin famfon mai yana zuƙo man ne ta wata rariya da ke dab da gindin kaskon, idan kuwa gindin ya turo sama ya toshe bakin rariyar, injin zai yi ta juyawa da ƙishirwa har ƙarafansa su cinye juna.

Na samo wani kaskon da sabon gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin kasko da inji don hana yoyo, na buɗe littafin gyara, na tarar marubucin ya kammala aikin a layi uku: a zubar da mai, a kwance notuna, a sauke kasko. Game da mayarwa kuwa, cewa ya yi a bi matakan daga ƙarshe zuwa farko. Ina da yaƙinin cewa wannan bawan Allah a kan teburi ya yi nasa gyaran, da injin da bai taɓa ganin ƙura ba.

Na ɗan kunna motar domin man ya yi ɗumi ya saki jiki, na ɗaga ta da jak, na tallafe ta da ƙafafun ƙarfe tare da sa wa tayoyin baya waigi, saboda jak kaɗai ba abin da mai hankali zai damƙa wa ƙirjinsa ba ne. Kafin in shimfiɗa kwali, maƙwabcina, wani dattijo da bai taɓa riƙe sifana ba amma ya san maganin kowace mota, ya jawo kujerarsa ya zauna.

"Malam, ai da sabulu ka goga wa tsagar, da tuni ka huta," in ji shi.

Na amsa masa daga ƙarƙashin mota cewa sabulu ba ya miƙe ƙarfen da ya lotse, ya ce a zamaninsu yana miƙewa.

Notin zubar da man yana da rami mai kusurwa huɗu, kamar yadda aka saba gani a tsofaffin motocin Faransa, kuma babu sifana ko ɗaya a akwatina da ta san da zamansa. Da ƙyar na samo ƙarfen da ya shiga ramin. Notin ya yi gardama, ya yi gardama, sa'an nan ya saki gaba ɗaya ba sallama, ya faɗa cikin bokiti, man kusan lita 4 ya bi bayansa, bayan ya fara bi ta hannun rigata har gwiwar hannu.

Ƙananan notunan da ke kewaye da bakin kaskon sun fita ɗaya bayan ɗaya, ɗana yana haska mini tocila, ko da yake hasken ya fi yawa a kan idona da kan wata ƙadangaruwa da ta ɗauke masa hankali. Da na ga ramukan sun zama wayam, na ja kaskon, ya ƙi motsi. Na buga shi da gudumar roba, ya ƙi. Dattijo ya ba da fatawar a zura sukundireba a ɓanɓare shi, na ƙi, domin hakan yana karce fuskar da gasket zai kwanta a kai, kuma karce ɗaya ya isa ya zama hanyar yoyo ta har abada. Sai da na kankare wani tudun laka da ya cakuɗe da mai ya daskare tun ban san motar ba, na tarar da noti guda a ɓoye a can lungu, yana riƙe da aikin duka shi kaɗai kamar dogari a ƙofar fada.

Akwai abin da layi ukun nan ba su faɗa ba, wato kaskon da ya lotse ba ya zubar da mansa duka, saboda kwarin da dutse ya yi masa yana tare wani kaso a gefe. Notin ƙarshe na fita, kaskon ya karkata ta wajen da fuskata take. Ɗana ya sheƙa cikin gida yana kiran mahaifiyarsa, ita kuwa da ta leƙo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Bawan Allah, maigidan yana ƙarƙashin mota, jira shi ya fito."

Mayarwar ta fi cin lokaci. Na kankare tsohon gasket har ƙarfen ya yi fes, na wanke rariyar, na shafa gam kaɗan, domin idan ya yi yawa yakan tsinke ta ciki ya je ya toshe rariyar da ake ƙoƙarin ceto. Daga nan aka shiga wasan riƙe kasko da goshi, gasket da hannun hagu, noti da hannun dama, sifana kuma a baki. Na ɗaure notunan daga tsakiya zuwa gefe, wannan ɓangare sannan kishiyarsa, a hankali, tun da ɗauri mai tsanani yana matse gasket ya tsartar da shi waje, ya kuma lanƙwasa leɓen kaskon. Dattijo ya yi ta ihun in ƙara ƙarfi. Notin zubar da mai kuwa sai da na nutsa hannu cikin bokiti na lalubo shi, na sa masa sabuwar washa ta jan ƙarfe, na zuba sabon mai, na duba geji, na tayar da injin. Fitilar mai ta mutu nan take, kaskon kuma ya bushe ƙamas.

Washegari na janyo farin kwalin da na bari a ƙarƙashinta, na ga ɗigo guda, baƙi ƙirin, sai dai ba a saitin kaskon ba. Na bi sawunsa da tocila har bayan injin, inda yake haɗuwa da giya, wajen abin da ke tare mai a ƙarshen karanshaf, wato babbar sandar da injin ke juyawa, wurin da ba a isa gare shi sai an sauke giyar baki ɗaya. Dattijo ya sunkuya ya leƙa, ya miƙe fuskarsa cike da annuri, ya tambaye ni ranar da za mu fara, domin yana so ya gayyato ƙaninsa, wanda a cewarsa ya fi shi sanin giya.