Ciwon baya ya wuce wata uku, an tura ka wurin mai ba da shawara: ba cewa aka yi ka taɓu ba

Da zarar likita ya ce wa mai ciwon baya ko ciwon gaɓoɓi ya je ya ga masanin halayyar ɗan Adam, sai ka ga ransa ya ɓaci: "Wato raki nake yi ke nan?" Wannan fahimtar ce ke mayar da mutanenmu kemis, su yi ta haɗiyar diclofenac da ibuprofen kullum har gyambon ciki ya kama su ko ƙoda ta samu matsala.

Ciwon da ya haura wata uku daban yake da na yankan wuƙa. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa kan saba da kai ƙara, su ci gaba ko bayan raunin ya warke. Rashin barci da fargaba na ƙara musu kaifi. Zafin na gaske ne, ko da hoton asibiti bai nuna komai ba.

Aikin mai shawara ba "ka yi haƙuri" ba ne, wannan ai ana samunsa kyauta a gida. Yawanci zama shida zuwa goma sha biyu ake yi, sau ɗaya a mako, kowanne kusan awa guda. Zai sa ka buɗe littafi na mako biyu: safe da yamma ka ba zafin maki daga 0 zuwa 10, ka rubuta aikin da ka yi, awa nawa ka yi barci, ƙwaya nawa ka sha.

A littafin nan ake kama babban kuskure. Ranar da aka ji dama-dama, uwargida ta kwaso wankin mako guda ta haɗa da shara, maigida ya wuni a gona, sai kuma kwana uku a kwance. Jiki ya ƙara rauni, tsoron motsi ya ƙaru. Maganinsa awo ne. Idan tafiyar minti 10 kake iyawa kafin zafin ya taso, fara da minti 8, kullum, ranar sauƙi da ranar wuya. Bayan mako guda ka ƙara minti ɗaya. Wahalar ita ce tsayawa a minti 8 ranar da kake jin ƙarfi, kuma a nan mafi yawa ke faɗuwa.

A zo da miji ko mata ko da zama ɗaya ne. Mai cewa "kwanta, kada ka taɓa komai" da mai cewa "lalaci ne" duk suna ƙara dagula lamarin.

Wanda jikinsa ya saba da tramadol kada ya yanke shi dare ɗaya. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali. Paracetamol kuwa, babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu nauyin 500mg a awa 24, saboda hanta. Addu'a da wannan aikin ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

Ana iya neman wannan hidima a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri. Amma in ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, rama ba dalili, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, wannan ba na zaman shawara ba ne, a nufi sashen gaggawa a ranar.