Yadda yaron shagon caji ya kwance min zani a kan James Bond

Tun da Mai-taya yana ta yawo da labarin yana ƙara masa gishiri, gara ku ji daga bakina.

Daren Alhamis ne a teburin mai shayi, ana musun da aka saba tun 2021, lokacin da aka kashe Bond a ƙarshen fim Daniel Craig, jarumin da ke fitowa a matsayin Bond ɗin, ya ajiye kwat: wa zai gaje shi, kuma a ina za a ɗauki sabon. Kun san a wannan fannin ni ake kawo wa ƙara. Ni na koya wa majalisar nan yadda ake tace jita-jita. Na ce a fara duba bakin da maganar ta fito. Tun Fabrairun 2025 Barbara Broccoli da Michael G. Wilson, furodusoshin Bond na da, suka miƙa ragamar fim ɗin ga kamfanin Amazon MGM, kuma abin da aka sanar a hukumance shi ne furodusoshi biyu, Amy Pascal da David Heyman, sai darakta Denis Villeneuve a watan Yuni, sai marubuci Steven Knight. Har zuwa daren nan ba a ambaci jarumi ba. Na ce jerin sunayen da gidajen caca na Ingila suke fitarwa ba labari ba ne, inda mutane suka fi zuba kuɗi nan suna yake hawa sama. Na tuna musu Maris ɗin 2024, da wata jaridar Ingila ta ce akta Aaron Taylor-Johnson ya kusa sa hannu ya zama Bond, muka yi ta jira har azumi ya wuce. Na kuma ce a riƙa lissafin shekaru, domin aikin na shekara goma ne zuwa sha biyu, shi ya sa Wilson ya ce ɗan talatin da 'yan kai suke nema. Da wannan lissafin na kori Idris Elba daga majalisa, haihuwar 1972, duk da Tela ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni.

Dokar da na fi ji da ita kuwa ita ce ta tsari: ba a yin tirela, wato ɗan bidiyon tallan fim, kafin a kunna kyamara. Sai an gama rubutu, a gwada 'yan takara a gaban kyamara da wani sin na fim ɗin Bond na 1963 da aka saba gwada su da shi, a sanar da wanda aka zaɓa, sannan a fita lokeshin. Misalin da nake bayarwa kullum Spectre ne, fim ɗin Bond na 2015: an tara 'yan jarida a sutudiyon Pinewood na Ingila ranar 4 ga Disamban 2014, aka fara ɗauka ranar 8, tirelar farko ba ta fito ba sai ƙarshen Maris na 2015. Wannan na faɗe shi ya fi sau ashirin a kan bencin nan.

To, ƙarfe tara da 'yan mintuna sai ga bidiyo ya shigo min ta WhatsApp. Minti ɗaya da rabi. Kiɗan nan da kowa ya sani, tambarin 007, sai ga akta Henry Cavill cikin baƙar kwat yana gyara hannun riga. Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Mutumin nan ni nake goyon bayansa tun da na ji cewa an gwada shi a 2005 yana da shekara 22, ya kai zagayen ƙarshe, aka ce ya yi yaro aka ba Craig. Haihuwar 1983 ne, wato dokar shekarun da na kori Idris da ita ta riga ta taɓa shi, amma so hana ganin laifi. Na buga tebur har shayin Tela ya zube, na ce wa Mai-taya, "Alhaji, a aika a kawo tsiren nan, magana ta ƙare." Kun dai san alkawarin da ke tsakaninmu: in aka sanar da Cavill shi zai sayi tsire, in wani aka sanar ni zan saya. Ba caca ba ce, alkawari ne, kar wani ya kai ni gun liman.

Na jingina wayar da gwangwanin madara, mutum wajen goma sha biyu suka zagaye ta, har da masu Keke biyu da ba 'yan majalisa ba. Ina sharhi ina tsayar da bidiyon. Na ce ku dubi hasken nan, wannan hannun Villeneuve ne, ku dubi hamadar nan, ai mutumin da ya ɗauki fim ɗin Dune a Jodan da Abu Dhabi dole ya koma rairayi. Na ce ku dubi titin nan, Italiya ce. Sai aka nuno wani gini a tsakiyar hamada ya tashi da wuta, na ce to wannan fashewar ma kaɗai ta nuna muku kuɗin Amazon.

A nan ne yaron shagon caji, wanda ya zo karɓar indomin ogansa, ya leƙo ta ƙarƙashin hammatar Tela. Yaron da bai fi sha huɗu ba. Ya ce, "Yaya, ɗan mayar baya." Na mayar, ina jin daɗi an samu ɗalibi. Ya ce, "Wannan wutar ai ta Spectre ce. Ni na tura maka shi a memori." Na ce masa kai yaro, duk wuta kama take yi. Ya ce, "To Yaya, me ya sa gaban kansa baƙi ne, ƙeyarsa kuma ja-ja irin ta wancan tsohon aktan?" Na tsayar da hoton, na buɗa shi da yatsa biyu. Fuskar Cavill ce, amma kunnuwa da ƙeya na Craig ne, an liƙa ɗaya a kan ɗaya, har gefen haɓar yana rawa kamar hoto a cikin ruwa. Bai bar ni na haɗiye wannan ba ya ce wurin gyara hannun rigar kuma daga fim ɗin leƙen asirin nan ne na 2015, wanda Cavill yake tare da ɗan Rasha. Sannan ya sa ɗan yatsansa mai maiƙo a kan gilashin wayata ya nuna bakin jarumin: murya tana tafiya, leɓe bai motsa ba. Muryar kwamfuta ce. Ya ɗauki ledar indominsa ya ce, "Sai da safe, Yaya." Har da sai da safe.

Abin da ya fi ƙona min rai, fashewar nan na san ta kamar yunwar cikina. A Erfoud ta Maroko aka yi ta, lita 8,418 ta mai da kilo 33 na nakiya, ta shiga kundin Guinness. Ni na taɓa karanto musu lambobin nan a wannan teburin ba wanda ya tambaye ni. Ga ta a gabana, na kira ta kuɗin Amazon.

Dariyar kowa na yafe, ban da ta Baba Mai-gadi. Mutumin nan bai taɓa kallon fim ɗin Bond ko ɗaya daga cikin 25 ɗin ba, duk wanda ya gani da bindiga a talabijin sai ya tambaya ko shi ne bos. Amma shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa, har da cire hula yana share hawaye. Kuma shi ne watanni uku yana damuna wai me zai hana a zo a ɗauki sabon a Dutsen Dala, tunda an ce suna yawon ƙasashe. Na yi masa bayani dalla-dalla cewa sunan da ake rubutawa a ƙasan allo daban, inda aka kafa kyamara daban. A fim ɗin Bond na 2006, Madagaska da aka nuna a Bahamas aka ɗauke ta, Montenegro a ƙasar Cek, sansanin 'yan tawayen Yuganda kuwa wani daji ne a bayan Pinewood. A na 2008 Boliviya Chile ce, Haiti kuma Panama. Kyuba ta 2021 Jamaika ce da ginin katako a sutudiyo. Abin da ke jan su wuri shi ne rangwamen haraji (Maroko tana mayar da kashi 30 na abin da aka kashe a ƙasar), da inshora, da ma'aikatan da suka san aiki, da hukumar da za ta yarda a rufe titi na makonni. A Matera ta Italiya, a fim ɗin 2021, sai da suka malala Coca-Cola galan 8,400 a kan duwatsun titi don tayar babur ta daina santsi. Duk wannan bayanin, abin da Baba ya tsinta a ciki shi ne lemon. Ya ce almubazzaranci ne. Yanzu ko a masallaci muka haɗu sai ya ce, "Malam, ya ƙeyar mutumin naka?"

Da na koma gida na nemi asalin bidiyon a YouTube, ashe a ƙasansa an rubuta da Turanci ɓaro-ɓaro cewa haɗin masoya ne, wanda ya turo min ne ya yanke wurin. Shi ma na san maganinsa.

Mai-taya yanzu ya ce tsiren ya dawo kaina. Na ce masa alkawarin a kan sanarwa aka yi shi, kuma ba a sanar da kowa ba, saboda haka ba wanda ya ci. Mai shayi kuma ya rubuta min shayin Tela da ya zube a littafin bashi, har da ƙwai biyu da ban tuna an soya ba.