Maigadin da Ba Ya Karɓar Albashi

A kicin ɗin gidan Alhaji. Hajiya tana riƙe da kaskon turaren wuta, Alhaji ya toshe hanci da hannun babbar riga, mai gyaran famfo kuwa yana durƙushe da tocila a ƙarƙashin kwamin wanke-wanke.

HAJIYA: Malam, yau kwana tara ke nan ina turara kicin ɗin nan safe da yamma, amma warin ruɓaɓɓen ƙwai ya ƙi gushewa, kuma duk lokacin da na zubar da ruwan wanke-wanke sai in ji wani abu a cikin bango kamar mutum yana kurkure baki.

ALHAJI: Na gaya mata daddawar da ƙanwarta ta aiko ce, ita kuma ta dage cewa mutanen ɓoye ne suka tare a gidan.

MAI GYARA: Ranka ya daɗe, daddawa ba ta da laifi. Ka ga wannan lanƙwasar da ke jikin bututun?

ALHAJI: Na daɗe da ganinta. Wanda ya haɗa famfon ne ya lanƙwasa shi da gangan domin ya sayar mini da bututun da ya wuce buƙata, don haka ka miƙar mini da shi kafin ka tafi.

MAI GYARA: Idan na miƙar da shi, ko kwana ɗaya ba za ku ƙara yi a gidan nan ba. Aikin lanƙwasar shi ne ta riƙe ruwa mai zurfin kamar santimita 5, wanda yake tsayawa kamar maigadi ya tare iskar da ke tasowa daga sokawe.

ALHAJI: Nawa ake biyan wannan maigadin?

MAI GYARA: Ba ya karɓar ko sisi.

ALHAJI: To, a duk ma'aikatan gidan nan shi kaɗai ne yake da tarbiyya.

MAI GYARA: Sai dai ya bar bakin aiki, domin na haska na ga lanƙwasar babu ruwa. Iskar da ta samu hanya ita ce mai warin ƙwan nan, masana suna kiranta haidirojin salfaid, kuma tana tafe da wata abokiyarta wadda ba ta da wari amma tana kama wuta.

HAJIYA: Innalillahi! Ni kuwa kullum ina tura garwashi ƙarƙashin wurin.

MAI GYARA: Gara ki fitar da kaskon tsakar gida, Hajiya. Da a ce tafiya kuka yi kuka daɗe a lokacin hunturu, sai in ce ruwan ne ya bushe, amma kwamin da ake amfani da shi kullum ba ya bushewa haka kawai. Alhaji, ina bututun da ya kamata ya leƙa ta saman rufi?

ALHAJI: Wannan maras amfanin da bakinsa yake hangame yana kallon sama? Na cusa masa tsumma na shafe da siminti, domin kada ruwan sama ya cika mini sokawe in biya masu motar kwashewa.

MAI GYARA: Ashe aljanin na gida ne. Ranka ya daɗe, idan za ka sha shayi, huda nawa kake yi wa gwangwanin madara?

ALHAJI: Ɗaya, domin ta daɗe.

HAJIYA: Wallahi gaskiya ya faɗa, kuma da allura yake huda ta.

MAI GYARA: Shi ya sa take fita da ƙyar tana shaƙuwa. Ruwa ba ya gangara a bututu sai iska ta bi bayansa ta cike gurbin da ya bari. Da ka toshe hanyar sama, sai ya koma zuƙo iska ta bakin kwamin nan, yana tafiya da ruwan lanƙwasar gaba ɗaya, kuma ƙarar zuƙowar ce Hajiya take ji a bango. Warin da aka tanadar wa hanyar fita ta saman rufi shi ma bai ga wata ƙofa ba sai ta kicin.

HAJIYA: Wato dai da hannunsa ya kori maigadin, sannan ya ɗora wa ƙanwata laifi.

ALHAJI: Ba yanzu za a yi wannan shari'ar ba. Malam, mene ne magani mafi araha?

MAI GYARA: Zan hau rufi in fasa simintin, in sa wa bakin bututun hula mai raga wadda za ta hana tsuntsaye yin sheƙa a ciki, sannan a saki famfo lanƙwasar ta cika.

ALHAJI: Hula kuma? Ai ba sai an saya ba. Tsumman da na cusa ɗin tsohuwar hulata ce, idan ka zaro ta sai ka kifa masa ita.

MAI GYARA: Ranka ya daɗe, ba irin wannan hular ba.

ALHAJI: To, ka sauko mini da ita, Hajiya ta wanke, akwai sauran Juma'a biyu a jikinta.